Babur Ɗin da Mansa Ba Ya Raguwa

Kafin Dafga, Karaye
Farkon damina

Zuwa ga ɗan'uwana Suhaibu bakanike, Rogo.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka, da Sa'adiya, da yara baki ɗaya. Yaya ruwa a wajenku, an yi shuka? Yaya kuma kunnen? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ka san ni da ita, ita ma da sauƙi. Da a waya zan kira ka, to amma tun da zazzaɓin nan ya taɓa maka ji, kiranka wahala ne, ni ina ihu kai kana "na'am", unguwa duk ta kwashe zancen. Shi ya sa na ba Hajo mai man gyaɗa wannan takarda, tunda ba ta fashin kasuwar Rogo.

Ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ka san babur ɗin maigidana marigayi Maikuɗi, babban nan da ya sayo na hannu a Kano. Kana zaune a gefen shimfiɗarsa ranar da ya ce a bar shi a zaure, duk mai marar lafiya a garin nan ya ɗauka ya kai asibitin Karaye, kada a karɓi ko sisin kowa. Tun da ya kwanta dama haka ake yi. Masu naƙuda, masu zazzaɓi, wanda saniya ta soka, babur ɗin nan bai taɓa ba mu kunya ba, sai da aka kai maka shi ka yi masa juyen mai kafin azumi.

Tun daga nan wata jar fitila ta tsiro mana, mai hoton 'yar buta da ɗigo a bakinta. Lado maƙwabcinmu, wanda ya fi kowa tuƙa shi, ya ce in ana lallaɓawa a hanyar gona ba ta kamawa. Da an hau kwalta an murɗa totur sai ta fara ƙifta ido, in aka ƙara wuta ta tsaya jawur, a saki totur ta mutu. To babur ɗin kai marar lafiya da ba ya son gudu, ina amfaninsa?

Wane irin baƙin mai ka zuba masa? Ko'ina ana zancen na jabu, wanda ake ɗurawa a tsohon galan a liƙe baki. Ban ce kai ka ɗura ba, na ce dai a hannunka abin ya faro. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, Suhaibu. In za ka yi wa wani aikin a wuce wurin, ba matar mamaci ce ta dace ba.

Ga abin da ya fi damuna. Hamma, wan maigidana, ya aiko matarsa Saude, don ka san ni da shi ba ma haɗa ido balle magana. Wai in fitilar nan ba ta mutu ba, zai sayar da babur ɗin ya saya wa marayu karsana kafin ya zama na 'yan gwangwan. Shi ke riƙe da amanar yaran, ba ni da bakin hana shi. In aka sayar kuwa, sadakar Maikuɗi ta yanke ke nan. Ka zo ka gyara abin da ka ɓata.

'Yar'uwarka,
Adama

Rogo
Ranar kasuwa

Zuwa ga Yaya Adama.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Sa'adiya tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ruwa ya sauka sosai, gyaɗa ta fito. Kunne yana nan yadda kika san shi, amma ido garau yake, ya karanta takardarki tas, har da abin da kika ce ba ki ce ba.

Jabu, Yaya? Ni? Da wani ne ya rubuto mini haka, da ko amsa ba zai samu ba. A gaban Lado na fasa galan ɗin, ki tambaye shi, in kuma ya manta to Allah bai manta ba. Maikuɗi ne ya fara kawo mini aiki lokacin da garejina bai wuce inuwar darbejiya da 'yan sifanu a buhu ba. Yau a ce ni zan zuba wa babur ɗinsa guba. Na san akwai wasan taubasai tsakaninmu, amma wannan ya wuce wasa.

Bari in ajiye fushi in yi miki zancen aiki, don babur ɗin bai yi mini laifi ba. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, kamar yadda mutane suke zato. A cikin inji akwai ɗan famfo da ke tura mai da ƙarfi ya ratsa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In ƙarfin turin ya faɗi, sai fitila ta kama. Tsohon injin da ya cinye, yana tsaye fitilarsa ke kamawa in ya ɗauki zafi, da an ba shi wuta sai ta mutu. Naku akasin haka ne, to ba tsufa ba ne. Ko dai mai ya yi ƙasa famfo yana shaƙar iska, ko wani abu ya tare masa hanya, ko kuwa fitilar ce take ƙarya, don suwic ɗin da ke kunna ta ya lalace, ko wayarta ta goge tana taɓa jiki in babur ya ɗauki karkarwa.

Daga mai sauƙi ake farawa. Ga sabon suwic nan na naɗe a leda na ba Hajo. Lado ya kwance tsohon, yana ƙasan inji da waya ɗaya tal a kansa, ya ɗaura wannan, ya bi wayar da yatsa ya ga ko ta goge. Sannan a leƙa ɗan gilashin da ke gefen inji a gaya mini ko akwai mai, a kuma lura da hayaƙin salansa. Kafin nan kada kowa ya ja shi da gudu fitila tana kunne, nan da nan inji yake bugawa.

Zancen zuwa kuwa, ba zan taka Kafin Dafga a matsayin mai laifi ba. Ki janye kalmar jabu, ki ga in ban zo ko a ƙafa ba.

Ƙaninki da aka yi wa ƙazafi,
Suhaibu

Kafin Dafga
Bayan noman firi

Suhaibu,

Sallama da gaisuwa. Ka ce wa Sa'adiya na gode, ruwan ɗumin ya yi amfani. Yara lafiya, Rumasa'u ce ta ɗan yi mura, ta kuma warware.

Suwic ɗinka ya iso. Lado ya ɗaura, ya bi waya tun daga kai har gindi bai ga inda ta goge ba. Ya hau kwalta, bai yi nisa ba fitila ta kama kamar da ma jiransa take. To fitila ba ƙarya take yi ba, sai a nemi mai ƙaryar a wani wurin. Hayaƙi da ka tambaya akwai shi, shuɗi-shuɗi, in an ba shi wuta. Lado ya ce akwatin da iska ke shiga ma ya jiƙe da mai, har yana ɗiga masa a ƙafar wando.

Zancen mai ya yi ƙasa kuwa, a nan na san ba ka san babur ɗin da kake magana a kansa ba. Gilashin nan ni da kaina nake leƙa shi kowace safiya in na fito shara, a cike yake taf, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Tun da Maikuɗi ya rasu man babur ɗin nan bai taɓa raguwa ba. Na sauran mutane yana shan mai ana ƙarawa, wannan kuwa a je Karaye a dawo, a sake zuwa a dawo, yana nan yadda yake. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai yau, shi ma don ka tsokano ni. Ni na ɗauke shi alama ce Allah ya karɓi sadakar bawan nan nasa. In na leƙa na gan shi a cike, sai in ji sanyi a raina, in yi masa addu'a, in kama aikina.

Kuma na tsare amanar yadda ya bar ta. Mai aro ya zuba fetur ɗin da zai ƙona, shi ke nan. Muntaka na bakin masallaci ya taɓa cika tanki bayan an sallamo mahaifiyarsa, na sa aka zuƙe aka mayar masa a jarka. Wata ta kawo mini zabi, da su ta koma. Saude ma, da aka kai ta haihuwar da ta zo mata da gardama, ta aiko da ƙwaryar man shanu, na mayar. Ana cewa na cika taurin kai, a yi ta faɗa. Ladan mamaci ba zan gutsure shi saboda zabi ba.

Ban janye komai ba tukuna, don ban ga dalili ba. Ni dai abin da na sani, bakanike da kunne yake gane ciwon inji. Wataƙila ranar da aka kawo maka shi yana ta kuka, kai ne ba ka ji ba.

Adama

Rogo

Yaya Adama,

Na amsa sallama. Muna lafiya.

Kin taɓa inda yake mini ciwo, kuma kina sane kika taɓa. Kunnen nan ba ni na toshe shi ba. Da tafin hannu nake sauraron inji yanzu, kuma har yau babu wanda ya dawo mini da aiki a Rogo. Sa'adiya ta karanta ta ce in yi haƙuri, takaici ne yake magana ba ke ba. Haƙurin nake yi, shi ya sa takardar nan ba ta da tsawo.

Tunda suwic lafiya yake, mai kuma kin ce a cike, saura hanyar man. A ƙasan inji akwai 'yar rariya da famfo ke jan mai ta cikinta. In dauɗa ta toshe ta, a hankali tana iya tacewa, amma in inji ya nemi mai da yawa sai ta gaza. Wannan sai an buɗe inji, ba aikin Lado ba ne. A kafe babur ɗin, a daina fita da shi. Zancen albarka kuwa ba fannina ba ne, na bar wa malamai.

Abu na ƙarshe, in Hamma ya dage sai ya sayar, kada a kira dillali sai an sanar da ni tukuna.

Suhaibu

Kafin Dafga
Tsakiyar damina

Suhaibu,

Gaisuwa haƙƙin Musulunci ce, ba a hana ta, don haka ina gaishe ka da iyalinka. Lafiyar jiki muna da ita.

Ashe haka ne! Na karanta layinka na ƙarshe har sai da takardar ta yi laushi a hannuna. "Kada a kira dillali sai an sanar da ni." Ashe kai ma ido ka sa masa. Yanzu na gane karatun: a tsorata mace da rariya da buɗe inji, a ce a kafe babur, darajarsa ta zube, sannan ɗan'uwa ya zo da fuskar tausayi ya ɗauke shi a arha. Biri ya yi kama da mutum. Da ka fito fili ka ce kana so, da na fi ganin girmanka.

A kafe shi, in ji ka, kana zaune a inuwar gareji. Ka zo ka gaya wa Muntaka haka. Maciji ya sare shi a gonar gyaɗa yana maimai, aka ɗauko shi ƙafa tana kumbura. Sai a ce masa babur yana hutu? Lado ya goya shi, wani ya riƙe shi ta baya. Suna hawa kwalta fitila ta kama. Lado ya ce bai taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba. In ya murɗa, inji ya buga a daji a rasa duka, in ya saki kuma dafi yana hawa. Haka ya yi ta ja yana saki, masu jakuna kaɗai yake iya wucewa, har suka isa. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, Muntaka ya tashi, amma sun sha faɗa a asibiti kan jinkirin da suka yi.

Washegari Hamma ya zo da kansa ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ta bakin Saude ya ce ba zai yarda a ce babur ɗin ƙanensa ya kashe mutum a hanya ba, ba kuma zai bari a farke inji a bar shi da tarkace ba. Wai ya yi magana da wani a Tudun Kaya, zai zo ya gani da an fara cirar gyaɗa. Mutumin nan ko sau ɗaya bai taɓa nuna ya damu da wasiyyar nan ba. Matarsa da ɗansa a kan babur ɗin nan suka tsira, amma ko "an gode" bai aiko da ita ba, karsana kawai yake hange.

Yanzu babur yana zaure, an lulluɓe shi da buhuna. In kana son saye, ka je ka bi layi bayan na Tudun Kaya.

Adama

Kafin Dafga
Gyaɗa ta kusa cira

Suhaibu,

Ina gaisuwa. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ta kuma ci, Hajo tana dawowa hannu rabbana. Ta ce garejinka a rufe yake. Shirun nan ya ishe ni amsa, mai gaskiya ba ya ɓuya. Jiya aka kai wata mai naƙuda asibiti a amalanken shanu, sai da suka bi ta ƙofar gidana, na shige ɗaka don kunya. Mutumin Tudun Kaya zai zo Juma'ar sama, bayan an sauko daga masallaci. Na sanar da kai, tunda ka ce a sanar da kai.

Adama

Rogo, daga kan tabarma

Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta lafa, yara kuma suna lafiya. Ki gaishe mini da Muntaka da jiki. Ni kuwa ba ɓuya na yi ba. Babur ɗin wani ne ya zame daga kan ƙafarsa ya faɗo mini a ƙwauri, aka kwashe ni sai gidan mai ɗori a ƙauye. Takardunki biyu suna shagon maƙwabcina, sai shekaranjiya Sa'adiya ta kawo mini su a haɗe. Da a tsaye nake lokacin da na karanta, da na sake karyewa.

In sayi babur ɗin Maikuɗi? Cewa na yi a sanar da ni don in zo in durƙusa gaban Hamma in roƙe shi ya dakata. Da jabu kika fara, kika koma kunne, yanzu kin mai da ni ɗan damfara. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba yau zai huce ba. Amma Juma'a ta matso, sai mu jingine wannan a gefe.

Mai karaya ba shi da aikin yi, sai na sa aka ɗauko mini tsofaffin takardunki ina maimaitawa don in ƙara jin haushi. A nan na yi karo da zancen da na tsallake na ce na malamai ne. Yaya, babu injin da ba ya cin mai, balle mai shuɗin hayaƙi, wanda mai ke tsiyaya ta akwatin iskarsa. Gilashin nan yana da zane biyu. Tsakaninsu mai ya kamata ya tsaya, ana ganin fili a sama, kuma a nan na bar shi ranar juye. In ya rufe gilashi baƙi ƙirin, to ya wuce wurinsa, kuma ba mai sanin iyakar inda ya kai.

Kin san maburgi a cikin nono. A cikin inji akwai ƙarfe mai juyawa haka, wanda bai kamata ya taɓa man da ke kwance a ƙasa ba. In mai ya yi yawa sai ya nutse a ciki. A hankali ba komai, amma da an ba shi wuta sai ya kaɗa man ya zama kumfa, famfo kuwa ba ya iya tura kumfa. Ga jar fitilarki nan. Wani yana ƙara wa babur ɗin nan mai a bayan idonki, kuma ba sau ɗaya ba.

Ki aika wa Hamma ya ba da makulli ko na rabin yini ne. A kafa babur a miƙe a kan ƙafar tsakiya, a wurin da babu gangare. Lado ya tara kwano a ƙasa, ya sassauta notin juye, ya bar mai yana zuba a hankali yana kallon gilashi, har sai ya sauko tsakanin zanen nan. Ya goge akwatin iska, sannan ya hau kwalta. In fitila ta kama, ki kira ni duk sunan da ya rage miki.

Ki yi haƙuri da zancen albarka. Na san abin da yake a wurinki, ban kuma ji daɗin rubuta wannan ba.

Ƙaninki,
Suhaibu

Kafin Dafga
Asabar

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya haɗa ƙashi, ya sa kaffara ne. Ban sani ba, da ban rubuta ta ƙarshen nan ba. Ga man shanu nan Hajo za ta kawo, Sa'adiya ta riƙa shafa maka, kada kuma ka kuskura ka dawo mini da shi. Jabu na janye, saye na janye, kunne ma na janye. Ka ga ai ban yi rowa ba.

Hamma bai ba da makulli ba sai jiya bayan an sauko daga masallaci, mutumin Tudun Kaya yana tsaye da hularsa a karkace. Jama'a suka taru a ƙofar zaure, ni ina daga ciki ta bayan asabari ina kallo. Lado ya sassauta noti. Mai ya yi ta zuba, kwano ya cika aka kawo wani, gilashi ko motsi bai yi ba. Sai da na biyun ya kusa cika sannan fili ya leƙo daga sama. Na ɗaga murya na ce ina so in san wanda yake shiga zauren mijina yana taɓa abin da ba a sa shi ba.

Ba wanda ya kalli wani. Can sai Muntaka, yana dogare da sandarsa, ya ce tun ranar da na mayar masa da fetur a jarka bai ƙara dawo da babur bai ɗan tsiyaya masa baƙin mai ba, don shi ba zan gani in sa a zuƙe ba. Mijin mai zabin nan ya ce shi ma haka. Liman ya ce shi kam sau ɗaya ne. Da fitila ta fara kamawa kuwa, duk wanda ya ga hoton buta sai ya ce ƙishi babur yake ji, ya ƙara hannu. Lado, da nake ganin nawa ne, ya ce tun a hanyar dawowa daga Rogo ya ga ka bar giɓi a gilashi, ya ce ƙwauro ka yi, ya tsaya ya cike. Gari guda, Suhaibu, kowa yana ɓoye wa kowa. Na yi musu tas, ban raga wa kowa ba sai Liman, shi ma don rawaninsa.

Lado ya hau kwalta ya murɗa har ƙarshe, ya je Yola ta nan kusa da mu ya dawo, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na Tudun Kaya ya gyara hularsa ya ce shi yanzu ne ma ya fi son abin. Hamma ya ce masa ya yi haƙuri, babu ciniki.

Ya kamata in yi murna, na kuma yi. Amma yau da safe na leƙa gilashin, na ga mai ya tsaya tsakanin zane biyu kamar na kowa, sai na zauna a dakali na yi kukan da ban yi irinsa ba tun fitar takaba. Ka karɓe mini abin da nake tashi da shi kowace safiya. Gaskiya ka faɗa, amma haushinka nake ji, kuma ka bar ni in ji.

Ina nan zaune sai ga Hamma da makulli. Da ya hango ni sai ya tsaya daga waje ya kau da kai, kamar yadda ya saba tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Ya kira Lado ya miƙa masa, ya kuma ɗaga murya yadda zan ji.

"Ka gaya wa uwar Rumasa'u, rabin abin da ke cikin kwanukan nan nawa ne. Tun haihuwar Saude nake zubawa in na faki ido. Ƙanena yana kabari yana ɗaukar mini iyali, ba ni da bakin yi wa matarsa godiya, in na aika kuma a dawo da shi. Yanzu an ce man ma cuta ne. Ka tambaye ta, ina take so mu kai?"

Lado ya juyo yana kallona, wai yana jiran abin da zai isar, alhali inuwar Hamma tana kan ƙafata. Ni kuwa na mayar da idona kan gilashin. Hamma ya daɗe a tsaye, sannan ya saɓa fartanyarsa ya tafi gona.

Babur ya fita tun ɗazu da wani tsoho daga rugar gabas. Ni kuwa har yanzu ban aika wa Hamma da komai ba. Kai da kake kwance ba ka da aikin yi, ka rubuto mini abin da zan ce masa.

'Yar'uwarka,
Adama